Rigar da Yaya ta ɗinka wa ciwonta

Yayata tela ce, kuma duk matar da ta taɓa ɗaga hannu a gabanta don awo ta bar mata sirrinta. Ta san wadda cikinta bai koma ba bayan haihuwa, ta san wadda kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka, amma ko ni da muke ciki ɗaya ban taɓa jin maganar wata a bakinta ba. Shagonta ɗan ɗaki ne a bakin titi: keken ɗinki biyu, teburin yanka, dutsen guga, da labule a kusurwa inda ake gwada kaya. Shekara ashirin da biyu tana nan. Da keken nan ta riƙe 'yarta tilo bayan rasuwar mijinta, har yarinyar ta shiga jami'a.

Nata sirrin kuwa tun tana 'yar sha huɗu take ɗauke da shi. Nononta na dama ya fito, na hagu ya tsaya a hanya. Wata gwaggonmu ta same ta tana canza riga, ta kwashe da dariya ta ce, "Shi wannan ɗayan fushi yake yi ne?" Gwaggo ta manta da maganar kafin la'asar, Yaya kuwa ba ta manta ba. Abin da ya kai ta koyon ɗinki ke nan, don ta iya cusa soso a rigarta yadda ba mai ganewa. Duk wannan ni sai daga baya na ji shi daga bakinta, a gadon asibiti.

Tana da shekara arba'in da uku ta ce mana za ta je sarin yadi a wani gari. Ashe asibitin da ake ƙara girman nono ta tafi, aka tsaga ƙasan na hagun aka saka mata roba don ya daidaita da ɗan'uwansa. Bayan mako guda ta dawo tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Ta ce ciwon baya ne. Ni kuma da shegen bakina na ce mata tsufa ne ya fara sallama.

A mako na uku wurin ya kumbura, ya yi ja, ɗinkin da likita ya yi ya fara buɗewa yana fitar da ruwa. Ta buga wa asibitin waya, suka ce ta dawo maza. Ta tambaya me za su yi, suka ce wataƙila sai an cire robar. Sai ta kashe wayarta, ta sayi ƙwayoyi a kemis, ta zauna ta yi tunani irin na tela: inda ɗinki ya buɗe ai matse shi ake yi. Ta yanka yadi mai kauri, ta yi masa shafi biyu, ta jera auduga a ciki, ta ɗinka wata 'yar riga mai ƙugiya goma sha biyu, ta ɗaure ƙirjinta tam. Kowace safiya tana auna kanta da tef, tana ganin kumburin ya ƙaru, maimakon ta nufi asibiti sai ta ƙara matse rigar. Da ƙugiyoyin suka fara ɓallewa, sai ta ɗauki allura da zare ta ɗinke rigar a jikinta. Kwana huɗu ba ta cire ta ba.

Ni malamar firamare ce, idan an tashi nakan biya ta shagon in sha ruwa in dame ta da surutu. Ranar Laraba na shiga da tsakar rana, zafi kamar me, na ga fanka a kashe, Yaya sanye da rigar sanyi, haƙoranta suna haɗuwa. Ta fesa turare har yana shaƙe mutum, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari na ruɓa. A kan tebur ga leshin mutane an yanka shi a karkace. Yayata ba ta taɓa ɓata yadin kowa ba, a nan gabana ya faɗi.

Na ce, "Yaya, lafiya kuwa?"

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Inna, rufe ƙofar nan, sanyi nake ji."

Innarmu ta shekara tara da rasuwa. Na taɓa goshinta na ji kamar na dafa dutsen guga. Da na yaye rigar sanyin sai ga wata shatar ruwa rawaya ta ɓullo ta gefen hagu. Hankalinta ya ɗan dawo, ta riƙe hannuna da ƙarfi.

"Kada ki taɓa, 'yar nan. Zai haɗe da kansa."

"Mene ne zai haɗe? Me kika yi wa kanki?"

"Aiki aka yi min. In kika kai ni asibiti cirewa za su yi, kowa ya ji. Da wane ido zan kalli 'yata?"

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya hana ni yin faɗan da nake so. Na ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya. In kin mutu ai mu za mu wanke ki, mu gani." Na ja ta bayan labule, na ɗauko babban almakashinta. Na bi zaren ina yankawa, ɗinkin kuwa ƙanana a jere, ko a wannan halin ba ta yi aikin banza ba. Da rigar ta saki, audugar ta faɗo jiƙe da mugunya. Fatar ta yi ja har ƙarƙashin hammata, tana sheƙi, ta bakin tsagar kuma ina hango wani abu fari-fari, robar ce take leƙowa. Salati kawai nake yi, ban san lokacin da na fita titi ba takalmi ina tsayar da mota ba.

A asibitin da ya fi kusa likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta duba, ta sa aka ɗaura ƙarin ruwa, ta ce ƙwayar cutar ta fara shiga jini, yau za a cire robar, ba gobe ba. Ta dubi rigar da na riƙo a leda ta ce, "Wannan ita ta tare ruwan a ciki." Aka kawo takardar sa hannu, Yaya ta juya fuska ga bango.

Ta ce, "In an cire, me zai rage?"

Likita ta ce, "Ke za ki rage, Hajiya, in kin bar mu mun yi sauri."

Minti ashirin muna roƙonta, ina kallon ruwan yana ɗiga, ina kallon laɓɓanta suna bushewa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zaman ba. A ƙarshe na fito da waya na nuna mata lambar 'yarta, na ce, "Zaɓi ɗaya. Ko in ce mata uwarta tana ɗakin tiyata, ko anjima in ce mata ta zo ta ɗauki gawa." Ta dube ni kamar za ta mare ni, sannan ta karɓi biron.

Kwana uku zazzaɓin yana hawa yana sauka, likita ba ta yi mana alkawarin komai ba. Yarinyar ta zo, ta ji komai, sai goge wa uwarta fuska take yi da tsumma mai sanyi. A rana ta huɗu Yaya ta nemi ruwan shayi.

Ta rayu. Hannun hagun har yanzu ba ya ɗaguwa sosai, sai na riƙe mata yadi in za ta yanka. Bayan an sallame ta ni nake wanke mata ciwon kowace safiya yadda nas ta koya min, ita kuwa ta kafe idonta a silin har in gama. Kwana goma sha takwas muna haka. Ran na sha tara, na cire bandeji ke nan ta ce, "Miƙo min madubi."

Na miƙa mata. Wurin ya lotsa, tabon ya ja fatar gefe guda, ya fi yadda yake a da muni, ba zan yi ƙarya ba. Ta daɗe tana kallo, ni kuma ina jiran kuka. Sai ta ajiye madubin a cinyarta.

Ta ce, "Yanzu don kada a ga wannan ne na kusa barin yarinyar nan ba uwa ba uba?"