Baturen da ba ya tafiya hutu

Ana idar da sallar asuba muka bar Ƙanƙara, ni da ƙanena da ya san hanya, muka nufi Daudawa. Saƙon wata tsohuwa ne ya fito da ni, wadda na zauna a gidanta lokacin da nake karatu a ƙasar Polan. Mahaifinta soja ne. Da aka gama yaƙin duniya na biyu aka ja iyaka, garinsu ya koma hannun wata ƙasa, sojojin da suka yi yaƙi tare da Ingila kuma wasu na komawa ana ɗaure su. Sai ya bi Turawan auduga zuwa gonarsu ta Daudawa a ƙasarmu, bai sake ganin iyalinsa ba. Ta tsufa tana zaton ya manta da ita, abin da take so in gano ke nan.

Hanyar Faskari ramuka ne da shingayen jami'an tsaro, direbanmu kuma ba ya tsayawa ko'ina don tsoron 'yan bindiga. Duk da haka dawa ta yi kyau har bakin titi. Mutanen nan sun burge ni, suna noma da fargaba amma ba su fasa ba. Sai a tashar Daudawa muka ci waina da miyar taushe, mai wainar 'yar garin Sabuwa ce da rikici ya koro, tana ba mu labarin gonarsu tana dariya.

A Daudawa sunan mutumin bai amfane ni da komai ba, wurinsu Bature dai Bature ne. Sai aka kai mu wurin wani dattijo wanda mahaifinsa ya yi wa Turawa kuku. Na ce wanda nake nema ba ɗan Ingila ba ne.

"Kai yaro, ka ce wanda ba shi tahiya hutu," in ji shi. "Kowa na zuwa gida, shi shina nan. Amma wanga Bature aljanu gare shi."

Na ce, "Baba, aljanu kuma?"

Ya ce duk shekara, jajibirin Kirsimeti, sai ya tsaya a tsakar gida har tauraro na farko ya fito, sannan ya sa a jera faranti uku, nasa da wani babba da wani ƙarami. Shi kaɗai zai ci abincinsa yana kallon sauran biyun. Mahaifin dattijon ba ya taɓa farantan nan sai ya yi addu'a.

Na taɓa cin irin wannan abincin a gidan tsohuwar nan. Al'adarsu ce a daren su ajiye faranti don wanda ba ya nan, ita ma kowace shekara tana ajiye ɗaya, ban taɓa tambayarta na wa ba ne. Da na yi wa dattijon bayani sai ya ce, "Allah sarki. Ashe matatai da ɗiyatai ne."

Mun shiga Ƙanƙara kafin la'asar, don ba a yin yamma a hanyar. Na koyi cewa wanda aka raba da garinsa, daga Polan yake ko daga Sabuwa, da mutanensa yake kwana a rai. Na kira tsohuwar a waya na gaya mata komai. Ba ta tambaye ni kabarinsa ba, sai ta ce in sake faɗa mata na ƙaramin farantin.