Ranar da Injin Baba Ya Yi Shiru

Abin da na fara ji a ranar shi ne ruwa. Ɗan ƙaramin sauti ne, kamar ana ɗauraye ƙwarya a cikin baho, yana taɓa gefen jirgin ya koma, ya sake dawowa. Tun ina yarinya nake shiga jirgin fiton da Baba yake aiki a cikinsa, amma ban taɓa jin muryar ruwan ba sai ran nan. A da, injin dizal ne yake haɗiye kowace murya.

Muna zaune a Port Richmond, a saman wani shago da ake sayar da manja, garin rogo da busasshen kifi. Daga tagar ɗakina ana hango mashigin ruwa, inda ƙananan jirage masu ƙarfin tsiya suke jan manyan jiragen kaya kamar yaro ya ja raƙumi. A bakin tagar nan na yi rabin ƙuruciyata, littafi a cinya, ido a kan ruwa.

Baba makanikin inji ne a wani ƙaramin kamfani mai fiton mutane. A tashar jiragen ruwa ta Takoradi ya koyi aikin tun yana saurayi, ya zo da shi New York a hannunsa. Mutum ne marar magana. Idan ya ce “To”, ya ce “Madalla”, ya ƙara da “Allah ya kyauta”, to ya gama hirar yini. Mun ɗauka injin ne ya cinye masa magana, kamar yadda ya rage masa ji, don sai an ɗaga murya yake juyowa.

Warin dizal kuwa shi ne sallamarsa. Kafin a ji motsin makulli, warin ya riga ya hau matakala ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Sai Mma, mahaifiyata, ta ɗaga murya daga kicin.

“Malam, nan bakin ƙofa! Kada kayan nan su taɓa mini kujera.”

Ya tuɓe rigar aikin ya jefa a bokitin da aka ware mata, Mma ta bi bayansa da kaskon turaren wuta tana mita. Ni dai a raina, dizal da turaren wuta sun haɗu sun zama ƙamshi ɗaya, sunansa gida.

Ina shekarata ta biyu a jami'a Baba ya dawo da labarin cewa kamfaninsu ya sayi sabon jirgi mai aiki da batir, kuma a hankali za a sayar da tsofaffin. Ya yi mana bayani a gajarce. Batura ne jere a cikin jirgin kamar akwatunan amarya, su ke ba injin lantarki wuta, shi kuma ya juya farfela. Idan jirgi ya tsaya ɗaukar mutane sai a jona masa caji. Akwai ɗan janareto na ko-ta-kwana, amma sai an matsu ake tayar da shi.

Murna ta kama ni. A makaranta mun karanta yadda hayaƙin jirage yake sauka a unguwannin bakin ruwa irin tamu, ya shige ƙirjin yara. Na tashi tsaye a kan tabarmar cin abinci ina lacca. Na ce ai duniya ce take juyawa, har manyan jiragen kaya ana gwada musu wasu irin mai, wasu ma ana kafa musu filafilai su kama iska kamar na mutanen da. Baba ya bar ni na gama.

“'Yar boko,” in ji shi, haka yake kirana, “shi wannan injin, ba ya ƙara?”

“Ko kaɗan, Baba! Ko sauro ya fi shi.”

Ya dubi tuwonsa, ya wanke hannu bai ƙarasa ba.

Bayan kwana biyu ya sauko da babban akwatinsa daga saman kabad ya ajiye a falo. Ya ce zai yi kwas ɗin da kamfani ya tura su, zai kuma gwada jirgin sau ɗaya don kada a ce ya gudu. Idan bai yi masa ba, zai koma Takoradi, inda dizal ba zai ƙare ba a zamaninsa. Mma ba ta iya binsa, ga aikinta na kula da tsofaffi, ga karatuna. Ma'ana gidanmu zai rabu biyu, teku a tsakani.

Na ɗauka kwamfuta yake tsoro, don sabon jirgin komai nasa a kan allo yake. Sai na ɗaura ɗamarar koya masa. Kullum bayan la'asar mu zauna da littattafan kwas ɗin, ina karantawa da ƙarfi saboda kunnensa. Kafin a jima shi yake gyara mini. Ya nuna mini dalilin da ya sa batir ba ya son zafi, da yadda ake zagaya masa da ruwan sanyi, da abin da ake fara kashewa idan allo ya nuna ja. Ya ci jarrabawa a zama ɗaya. Na saya masa hula sabuwa don murna. Ya ce “Madalla”, ya ninke ta ya sa a cikin akwatin.

Akwatin nan ya ci gaba da zama a falo, bakinsa a buɗe. Yau a sa masa takalmi, gobe darduma. Ina wucewa ta gefensa kamar ina wuce rijiya.

Mma ta kira Gwaggo, yayar Baba, mai sayar da atamfa a unguwar Soundview. Gwaggo ba ta san raɗa ba. Tun daga matakala ta fara.

“Kai, ƙanena! Ka ƙetare teku ba ka ji tsoro ba, sai batirin tocila ne zai kore ka?”

“Yaya, ki bar maganar.”

“Ba zan bari ba. Mutum ya samu aikin da zai dawo gida fes kamar ɗan banki, ya ce shi sai warin gareji. Ko asiri injin nan ya yi maka?”

Baba ya yi murmushi. Na lura Gwaggo ta dube shi ta bar maganar, abin da ba ta saba ba, sannan ta juya ta tambayi Mma ko akwai sauran shito, soyayyen yajin nan namu.

Ranar gwajin, kamfani ya gayyaci iyalan ma'aikata su zo a zaga da su. Lokacin zafi ne, sama tas. Mma ta sha leshi, Gwaggo ta zo da kula cike da shinkafa da wake, wai ba ta yarda da abincin jirgi ba. Jirgin fari ne, yana warin sabon fenti. An buɗe murfin ɗakin inji da ke bayan kujerun fasinja don mutane su leƙa su ga baturan, mu kuwa a nan kusa muka zauna. Baba ya gaishe mu da ka, ya sauka tsani. A wuyansa yana rataye da abin toshe kunnensa, wanda ya yi shekara da shekaru yana sawa saboda rugugin dizal. A sabon jirgin babu mai bukatarsa, amma hannu ya saba.

A nan ne na ji ruwan. Na ji kukan tsuntsayen teku, na ji wata yarinya tana tauna biskit a can gaba.

“To, yaushe za a tayar?” in ji Gwaggo.

“Gwaggo, ai mun yi nisa. Dubi tasha can baya.”

Ta waiga, ta dafe ƙirji. “La'ilaha! Sace mu aka yi?”

Muna cikin dariya wata murya ta taso daga ƙarƙashin ƙafafunmu. Murya ce mai faɗi, mai zaƙi, irin wadda take cika fili ba tare da ta yi ihu ba. Waƙa ake yi, kuma da Hausa.

“Ruwa kai ni, ruwa maido ni,
Akwai mai jira na a bakin ƙofa,
Tana faɗa, tana zuba mini koko,
Faɗanta ya fi zumar wasu.”

Na leƙa ta murfin. Baba ne. Ya toshe kunnuwansa kamar kullum, ya dafa ƙarfen da ke juya farfela yana jin motsinsa a tafin hannu, idonsa a kan allo, bakinsa a buɗe. Da jirgi ya motsa, jikinsa ya yi abin da ya saba yi. Ya manta cewa yau babu rugugin da zai rufe shi.

Mutane suka daina hira ɗaya bayan ɗaya. Na miƙe zan sauka in taɓa shi, don na san kunyarsa. Mma ta riƙe mini hannu.

“Zauna. Bar shi ya kai aya.”

Ya kuwa ci gaba. Ya sako ni a ciki, wai 'yar boko mai hira da taga, Allah ya ba ta miji mai haƙurin jiran ta gama shafi. Na rufe fuska da mayafi. Sannan ya juyo kan yayarsa.

“Yayata ta Soundview, mai atamfa,
In dizal ya ƙare a duniya,
A ɗaura ta a bayan jirgi,
Muryarta kaɗai ta kai mu Takoradi.”

“Ni?” in ji Gwaggo. “Ni za a ɗaura? Yau sai na ci mutuncin yaron nan!” Tana faɗa tana share hawayen dariya da gefen gyale.

Wata Baturiya da ke kusa da ni ta tambaye ni abin da yake cewa. Na rasa ta inda zan fara, sai na ce mata yana gaya wa ruwa sunayen mutanen gidansa ne. Ta gyaɗa kai kamar dama abin da ta zata ke nan. Kyaftin ɗin ma, wani dattijo mai furfura da suka daɗe suna aiki tare da Baba, ya leƙo daga ɗakinsa baki buɗe. Daga baya ya ce mini shekarun nan duka yana ganin bakin Baba yana motsi a ɗakin inji, ya ɗauka zagin injin yake yi.

Da muka juyo za mu koma tasha, Baba ya hau tsani ya zare abin kunnensa. Tafi ya tarbe shi. Ya dubi bayansa ko wani ake yi wa. Sannan ya dubi murfin da ke buɗe, ya dubi abin da ke hannunsa, ya gane. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba kunya ba ce kawai, kamar wanda aka ba ajiya ya fasa. Bai dubi kowa ba sai Mma.

“An ji?” ya tambaya a hankali.

“An ji, Malam. Har kifaye.”

“Wallahi ban yi da niyya ba.”

“Na sani.” Ta gyara masa wuyan riga, abin da ban taɓa ganin ta yi a gaban mutane ba. “Ni ce magajiyar tsoho, kuma na sauke maka. Da ma tun tuni ya kamata in sauke. Amma baitin koko ɗin nan, ka ƙara masa tsawo.”

Ban gane wane tsoho ake nufi ba, kuma Gwaggo ba ta ba ni damar tambaya ba. Ta riga ta buɗe kula tana tura wa Baba faranti, tana cewa ya ci ya ƙoshi kafin ta fara da shi. Kyaftin ma sai da ya ci, ya sha yajin shito ya yi ta tari.

Da muka koma gida Baba ya tsaya a bakin ƙofa zai tuɓe riga, sai ya shinshina hannunta ya ji babu komai. Ya shigo da ita har falo ya zauna a kan kujerar Mma yana kallon ta, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba. Kafin magariba ya kwashe kayan akwatin, ya fito da hular da na saya masa ya sa, ni da shi muka ɗaga akwatin muka mayar saman kabad.

Har yau yana aiki a jirgin. Yanzu yana waƙa a kicin idan yana wanke kofinsa, yana yi a matakala, har mai shagon ƙasa ya haddace baitin Gwaggo. Mma tana kunna turaren wutarta kamar da, ko da yake ta taɓa ce mini turaren ya rage daɗi tun da ya rasa abokin faɗa.

Sai bayan na gama jami'a, wata rana ina taya Gwaggo ninke atamfofi a shagonta, na tambaye ta maganar tsoho. Ta ce ashe ba a taɓa gaya mini ba. A Takoradi, kafin a haife ni, Baba ne mawaƙin biki a zango, unguwar Hausawa, ba a ɗaura aure a watse sai an ji shi. Da ya nemi auren Mma, mahaifinta, wanda malami ne, ya ce ba zai ba mawaƙi 'yarsa ba. Baba ya durƙusa a gabansa ya yi alkawari cewa daga ranar babu ɗan Adam da zai sake jin waƙarsa. Tsohon ya rasu ina goye, amma Baba bai ga cewa mutuwa ta warware alkawari ba. Shekarun nan duka, ɗakin injin dizal ne kaɗai wurin da yake iya buɗe murya ba tare da kowa ya ji ba.