Kandilon Kawu Ilu

Kawu Ilu ya ɓata mini suna, kuma mutuwarsa ba ta gyara shi ba. Sabi'u ne sunan da uwata ta raɗa mini, yau har jikokina Kandilo suke jin ana kirana.

Kun dai san shi. Tunda ya bar kamasho a tashar Dutsin-Ma, kullum yana tsugune gindin dalbejiya yana zana garinmu Kurfi a ƙasa, wai yana lissafin ta inda kowa zai fita ranar gudu. Ƙwallon goruba manyan motoci, tsakuwa babura, kara shanu. A-kori-kurata kuwa, da ita nake ci da iyali, sai ya ɗauko kandilo, busasshen kashin saniya, ya aje.

Na ce, "Kawu, duk duwatsun Kurfi ba ka samo mini ko ɗaya ba?"

Ya ce, "Dutse yana gangarawa, ɗana. Taka sai an tura."

Daga ranar, mai buhu biyu ma sai ya ce bari ya jira wata motar.

Maganarsa ɗaya ce: "Gudu ba ƙafa ba ne, layi ne." An taɓa kama shi ranar Juma'a yana kwashe takalman jama'a daga ƙofar masallaci. Ladan ya ce, "Malam Ilu, sata da furfura?" Ya ce, "Ranar gobara waɗannan za su kashe ku, kowa ya duƙa neman wari."

Ranar da aka ce 'yan bindiga sun doso ta wajen Barkiya, da hantsi, ya tsaya bakin kwalbati da sandarsa. Shanu ta burtali, babura ta bayan makaranta, motoci ta titi. Ni ya tsare ni.

"Kandilo ƙarshe. In ka mace kan kwalbatin nan ka toshe gari."

Matata da yara na baya suna kuka, ina kallon kowa yana wucewa. Sai da gari ya zama wayam ya haye gaba kusa da ni. Motar ba ta ko yi tari ba har Dutsin-Ma. Na ce ya faɗa wa mutane. Ya ce, "Ai don ba kowa a bayanta ne, shi ya sa ba ta ji kunya ba."

Da ciwo ya kwantar da shi na je, na duƙa daidai kunnensa. Na ce, "Kawu, ka cuce ni, kuma ba zan fasa faɗa ba. Ka ce ni ne ƙarshe, to ga shi za ka riga ni fita. Na yafe. Allah ya sa ka tarar da hanya ba cunkoso."