Malam Gust da Lambar Dries

Kowace Talata, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ka ga Malam Gust Vermeire ya jingine kekensa a ƙofar gidan yarinmu, da burodi da cuku a aljihun kwat. Ni gandiroba ce, ni ke buɗe masa. Tun ina sabuwar ɗauka yake koya wa fursunoni lissafi, yau ga furfura a kaina.

A nan mutum lamba ce. Shi kuwa Malam sai ya rubuta lambar fursuna a allo ya ce, "To, ku zo mu tambaye ta asalinta." Cika ce ko mara? Uku na raba ta? Bakwai fa? Wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta, yana kiranta mai taurin kai. Na ga ƙarti suna musu har da dukan tebur a kan tawa ta fi taka dangi.

Sai aka kawo Dries, ɗaurin rai da rai. Ya daina ci, ya daina magana, har muka kwashe igiyoyin takalminsa don kada ya rataye kansa. Malam ya haɗa lambarsa da ranar haihuwar 'yarsa, ta zama doguwa, ta kusa cika allo.

"Wannan tana rabuwa ko mai taurin kai ce?"

"Ina ruwana, tsoho?"

"Au, tsoronta kake ji? Ƙato da kai!"

Dries ya fizge fensir. Shekara da shekaru ke nan yana gwada ta da hannu, lamba bayan lamba, har yau ba ta rabu ba. Amma yana ci, yana aski.

Yanzu hukuma ta rufe ajin, wai ba a ga amfaninsa ba. Ba wanda zai gaji Malam, ba wanda ma ya tambaya. Raina ya ɓaci, kuma tsoro nake ji, domin ni ce zan riƙa leƙa ɗakin Dries kowace safiya.

Malam, kai ne ka shigo inda kowa ke neman hanyar fita. Kai ne ka san wayar aljihunka za ta ba da amsar kafin ƙiftawar ido, ka ƙi tambayarta. Mun gode, ko da godiyar gandiroba ba ta buɗe aji. Mai alli da sauran ƙarfi, don Allah ya zo, ƙofa a hannuna take.

Ranar da Malam ya zo yi mana sallama, Dries ya riƙe masa hannun riga.

"Tsoho, ka san amsar. Faɗa mini ka tafi."

"Ban sani ba. Ka ci gaba, zan dawo in ji daga bakinka."

Da na raka Malam bakin ƙofa, ya kasa hawa keken. Ya kira sunana ya ce, "Greet, ki riƙa fere masa fensir. Kullum addu'ata kada ta rabu."