Kujerar Mitsue Mai Tsegumi

A duk kasuwar safe ta garinmu babu mai murya irin ta Mitsue. Busasshen kifi take sayarwa, ni kuma awara a rumfar da ke manne da tata, don haka kunnena na dama ya ga rayuwa. Mijinta Genzo, mai raba wasiƙu, shi ne akasinta. Sai ka wuni da shi ba ka san yana da harshe ba.

Kowace Lahadi da sassafe Genzo yakan hau haikalin kan tudu zaman shiru, inda ni ma nake zuwa. Mukan jeru kan matasai, kowa fuskarsa ga bango, ba motsi ba tari har a kaɗa ƙararrawa. Wurin Genzo shi ne na ƙarshen layi, can kusurwar gabas. Idan ya dawo gida yakan ce wa matarsa daga wurin nan ana jin ruwa yana gudu.

"Wane ruwa kuma?" in ji ta. "Rafi yana can gangare. Barci kake sha kana mafarki, tsoho."

Sai ya yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa.

Bayan rasuwarsa, wata Lahadi sai ga Mitsue a ƙofar haikali tana haki. Na ce, "Ke kuma lafiya?"

"Kinue-san," ta kira sunana, "ruwan nan na zo ji. Ko dai in ji shi, ko in tabbatar mutumin nan ƙarya ya yi ta shara mini tun muna da ƙuruciya."

Malam Jikai, mai kula da haikalin, ya ba ta wurin mijinta, gefena. Amma gwiwoyin da suka ƙare a tsayuwar kasuwa suka ce ba da su ba. Ba a yi nisa ba sai da aka kama ta aka miƙar. Malam ya nuna mata doguwar kujera a bakin ƙofa, inda masu ciwon ƙafa ke zama. Ta ce sam. Me za ta ji a bakin ƙofa in ban da ƙarar takalma?

Akwai wata 'yar kujerar tsuguno da ake durƙusawa a tura ƙafafu ƙarƙashinta, nauyi ya sauka daga gwiwa. Ta je wa Isaburo, tsohon kafintan haikali, ta ce ya yi mata. Ya ce rufin ƙofar haikali ya sha masa kai har baɗi.

"To nuna mini in yi da kaina. Wadda ta iya feɗe kifi, katako ne zai gagare ta?"

Ni dai na so in ga ƙarshen wannan lamari, shi ya sa na riƙa leƙawa in na tashi kasuwa. Da farko ko katako bai bari ta taɓa ba. Ya ajiye mata dutse da ruwa da bakin ƙarfen kankare katako, ya ce ta wasa.

"Isaburo-san, kujera na ce, ba aski zan buɗe ba!"

"Ji da kunnenki," in ji shi. "Idan ƙarfe ya kwanta daidai kan dutse, kukansa yakan canza."

"Yaya zan ji?"

"Sai kin rufe baki."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Abin mamaki, Mitsue ba ta yi zuciya ba. Aikin ya shige ta. Tambaya kuwa kamar ƙaramar yarinya: me ya sa katako yake da fuska da baya? Don me ba a sa ƙusa? Isaburo ya ce itace ko an sare shi bai gama motsi ba, yana kumbura da damina ya tsuke da sanyi, don haka sai a sassaƙa masa baki da rami su riƙe juna, su yi motsinsu tare. Ran da ta fara fitar da ɓawon katako siriri har ana ganin yatsa ta cikinsa, kasuwa ta zo da shi. Duk wanda ya zo sayen kifi sai ya shinshina kafin ta sallame shi.

Da kaka ta gama kujerar. Ta yi kyau, ba laifi. Muka zauna, aka kaɗa ƙararrawa, ɗaki ya yi tsit. Sai muka ji kujerar ta yi ƙiii. Jim kaɗan kuma, ƙiii. Ta sosa hanci, ƙiii. Ta gyara kafaɗa, ƙiii. Ni kaina kunya ta kama ni.

Ta kinkimi abarta sai wurin Isaburo. Ya durƙusa ya zauna a kai, ya daɗe, ko ƙis ba mu ji ba.

"Kujera lafiyarta ƙalau," ya ce. "Ke ce ba ki zauna ba tukuna."

"Ba ni ƙusa in toshe mata baki!"

"Ga ta can. In kin buga za ta yi shiru, ke kuma ki ci gaba da mutsu-mutsunki ba mai gaya miki."

Ta daɗe tana hararar ƙusar, sannan ta tafi ta bar ta. Daga baya na tambaye shi ko da gangan ya ƙyale ta ta bar haɗin da ɗan sako-sako. Ya ci gaba da kankarar katakonsa kamar da bango nake magana. Har yau ban sani ba.

Mutane suka fara ƙorafi. Malam Jikai ya kira ta gefe, cikin ladabi ya ce in aka shiga zaman hunturu kujerar ba ta daina ba, sai dai ta haƙura ta koma bakin ƙofa. Ranar a kasuwa ko ciniki ba ta ja da kowa ba. Ta ba ni tausayi ƙwarai.

Lahadi bayan Lahadi kukan yana raguwa, amma bai ɗauke ba. Duk mun haddace shi. Maimakon mu bi numfashinmu, sai mu zauna muna jiran tsegumin kujerar Mitsue.

Ranar da aka fara zaman hunturu sanyi har cikin haƙori. Muna zama kujerar ta yi ƙiii sau ɗaya. Daga nan shiru. Na jira, shiru. Na ƙara jira. Sai tsoro ya kama ni: matar nan ba yarinya ba ce, kada dai ta bi mijinta a zaune. Na karya doka na juya. Tana nan ƙyam, ido rabi a buɗe, hawaye na bin kumatunta ba ta ko share ba. Ban ankara ba sai na ji sandar da Malam ke tsawata wa masu motsi da ita a kafaɗata.

Da aka tashi, na tarar da ita a waje tana sa takalmi, kujerar a hammata.

"Kin ba ni tsoro," na ce. "Har duka na sha saboda ke."

"Ruwan yana nan, Kinue-san. Ƙarƙashin daɓen yake bi. Ɗan ƙarami ne, kamar ana tsiyaya shayi a gidan maƙwabta."

Ta juya wajen maƙabartar da ke bayan haikali. Matar da ake jiyo ta daga ƙarshen kasuwa, sai da na matso sosai kafin na ji abin da take faɗa.

"Maigida, ashe ba barci kake yi ba. Na ji."