Hinnerk, Abokin Hira na Aro

Hinnerk Tietjen bai iya zama ba. Tun yana saurayi yake yankan tikiti a jirgin fito na kogin garinmu, ya haye ya dawo, ya haye ya dawo, har aka gina gada aka sallami jirgin da ma'aikatansa. Jirgi ya tsaya, ƙafar Hinnerk ta ƙi tsayawa. Matarsa Gesa ta yi haƙuri da zaryarsa tsakanin kicin da taga har haƙurin ya ƙare, sannan ta sa sunansa a ajin Sifaniyanci na makarantar manya inda nake aiki, don ya riƙa barin gidan. Bai wuce matakin farko ba, saboda lokacin darasin duk a gardama da malamar yake ƙarewa, kuma da Jamusanci.

A makarantar nan baƙi ke ɗaukar jarrabawar Jamusanci, wadda takardarta ke ci ko'ina a duniya. Matakai shida ne, daga A1 zuwa C2. Mai A1 zai iya sayen burodi. Mai B1 zai iya cewa burodin na jiya ne. Mai B2 sai ya iya tsayawa ya yi musu da mai burodin har a canja masa. C2 kuwa an ce shi ne mai gane wasiƙar ofishin haraji. Ni haifaffiyar ƙasar nan ce, ban kai can ba tukuna.

Jarrabawar baki biyu-biyu ake shigarta. A miƙa wa mutum biyu kati, a ce su shirya wani abu tare, walimar ban kwana ko dubiyar marar lafiya, mu masu ba da maki muna gefe, ko gyaɗa kai an hana mu. In mutum ɗaya ya rage ba abokin shiga, sai a nemo masa na aro. Ta nan Hinnerk ya samu abin yi.

Aikin ɗan aro shi ne ya faɗi kaɗan, ya bar wa mai jarrabawa fili. Hinnerk bai taɓa yarda cewa shirin na wasa ba ne. Ya shirya bukukuwa da tafiye-tafiye ba adadi a ɗakin nan, babu ɗaya da aka taɓa yi, kuma kowanne sai ya ja shi zuwa bakin ruwa. Ya taɓa bin wani ɗan Siriya har tashar bas yana tambayarsa wa zai kawo kujeru, tunda lokaci ya cika ba su tsai da magana ba.

Shugabar makarantar, Frau Oltmanns, wato Malama Oltmanns, ta kira shi ofis.

"Herr Tietjen, ba kai ake jarrabawa ba. Kai ka ci taka tun kana shan nono."

"To in yaro ya ce a yi gashin nama a waje cikin Nuwamba fa? In zuba masa ido?"

"Ka zuba masa ido. Naman ba na gaske ba ne."

"Ruwan saman ai na gaske ne."

"Ƙorafi ɗaya ya sake zuwa teburin nan, na mayar wa Gesa kayanta."

A zagayen jarrabawar da ya biyo baya Jovelyn Manalo ta zo. Ma'aikaciyar jinya ce daga Filifin, amma a gidan kula da tsofaffi na garinmu mataimakiya kawai take, domin sai da B2 za a amince da karatunta. Izinin zamanta a kan haka yake rataye, kuma ya kusa ƙarewa: in ta faɗi wannan karon, sai gida. Ta riga ta ci rubutu da karatu. Bakin ne ya kayar da ita a baya, ba don ba ta iya ba. Jamusancinta ya fi na wasu 'yan majalisa tsabta. Matsalar ita ce an yi mata tarbiyya, ba ta musu da mutane. Ranar kuma abokiyar shigarta ta bugo waya ba ta da lafiya, aka haɗa ta da dattijo mai furfura wanda ya girmi mahaifinta.

Katin ya ce su shirya wa mazauna gidan tsofaffi fita shan iska. Hinnerk ya zauna a kan tafukansa don kada su motsa, amma gwiwarsa tana rawa har ruwan da ke cikin kofina yana kaɗawa.

"Me kike gani, Frau Manalo?"

"Duk yadda ka gani, Herr Tietjen."

"Asabar?"

"Asabar ta yi."

"Ko Lahadi?"

"Lahadin ma ta yi."

Hinnerk ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya dubi Frau Oltmanns, abokiyar ba da makina a ranar, wadda alƙalaminta ya fara gangarowa ƙasan takarda, inda ƙananan maki suke. Ni na dubi rufi, shi kaɗai doka ta bar mini. Jovelyn tana murmushin ladabi, yatsunta suna lanƙwasa gefen katin.

Sai ruwan kofina ya daina kaɗawa.

"Jirgin ruwa," in ji Hinnerk. "Mu kwashe su da tsakar rana, mu jera su a saman bene, iska ta buge su har yamma."

Jovelyn ta ce a hankali, "Masu keken guragu fa?"

"A ɗaure keken da igiya a jikin ƙarfe. Haka muke yi wa babura."

"Ban ɗaki fa?"

"Akwai ɗaya can ƙasa, in an sauka tsani. Wanda ba zai iya ba ya riƙe."

Ta ajiye katin.

"Haba Baba! Ka taɓa ɗaga tsohuwa daga kan kujera kuwa? Ya riƙe? Mutumin da ke shan maganin da ke sa fitsari ne zai riƙe har yamma?"

"Mu da muka yi aiki a ruwa…"

"Tsaya, ban gama ba. Da kai ne aka ɗaure kamar babur a rana, da yanzu ka kai ƙara wurin magajin gari. Bas za mu ɗauka mai matakar keke, mu je lambu mai inuwa, a sha kofi da kek, mu dawo kafin lokacin magani."

"Bas! Akwatin gawa mai taya."

"To ka zauna a gida, mu kawo maka kek ɗinka."

Hinnerk ya buga tebur, ta ɗaga murya ta fi shi. Ta kawo hujja, ta rushe tasa, ta yi masa sassauci a kan cewa lambun zai iya zama kusa da kogi, ta janye sassaucin da ya fara maganar kwalekwale. Frau Oltmanns ta ce lokaci ya cika, babu wanda ya ji ta a cikinsu.

Jovelyn ta ci B2. Hinnerk kuwa an sallame shi, domin ɗan aro ba ya buga tebur, ba ya kuma ba da shawarar a ɗaure tsofaffi. Na tare shi a farfajiya yana kai da komo da hularsa a hannu, na tambaye shi ko da gangan ya yi.

"Da gangan me?" in ji shi. "Kin taɓa jin wanda iskar kogi ta kashe?"

Da rani ya yi nisa, gidan tsofaffin ya yi fitar da gaske, ƙarƙashin sabuwar ma'aikaciyar jinyarsu, Jovelyn. An nemi masu tura keke, Gesa ta sa sunan Hinnerk kafin ya ji labari. Ita ce ta gaya mini a kasuwa cewa tun da bas ta tashi yake zarya tsakanin kujeru, da aka hau gada kuma ya manne da taga yana nuna wa tsofaffi inda jirgin fito ke tsayawa a da, da yadda tafiyar za ta fi daɗi ta can.

Jovelyn ta waiwayo daga gaba ta ce, "Baba, zauna."

Ya zauna, har aka sauka daga gadar.