Baba Mai Sanyi da Igiyar Wuyan Hannu

Raini mugun ciwo ne, kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Sanyi ke buɗe ɗakin gwaji na jami'a da ƙarfe bakwai. Ya share, ya duba tukunyar da ake daskarar da wayoyi a ciki, ya jera igiyoyin wuyan hannu a bakin ƙofa. Wayoyin nan sun fi gashi siranta sau dubbai. Masana sun ce ƙwayoyin lantarki bi-da-bi suke ratsa su, ƙarfin wutar na hawa mataki-mataki kamar tsani, in an kawo maganaɗisu kowane mataki ya rabu biyu, don ƙwayoyin ba gefe ɗaya suke juyawa ba.

Dokar Baba ɗaya ce: ba mai taɓa waya sai ya ɗaura igiyar da ke sauke wutar jikin mutum ƙasa, irin wutar da kan tsikare ka a ƙofar mota, don ita ke ƙone wayoyin.

Wata ɗaliba da ake kira Auta saura mata waya ɗaya tal. In ta ƙone, digirin shekara huɗu ya tafi. Ranar awonta wani sabon Dakta ya shigo a gaggauce, hannu ba igiya, zai ɗaga mata wayar.

Baba ya tare shi da ƙirji. “Ranka ya daɗe, igiya tukuna.”

“Malam, ni akuya ce da za a ɗaure ni?”

“Akuya ai ta fi saurin yarda. In taka ce ka taɓa, ta 'yar nan kuwa sai ka bi ta kaina.”

Dakta ya juya ya kwashi nasa wayoyin guda uku, hannu ba igiya, yana tsaki.

Da azahar tsanin Auta ya fito a allon na'ura, kowane mataki ya rabu biyu. Ta zauna dirshan a ƙasa tana dariya tana share hawaye. Baba ya ce, “Tashi, 'yata, kin zauna mini a kan tsintsiya.”

Baba, kai ne garkuwar da ba ta shiga hoto. Yau da kake ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku riƙe igiyarsa.

Dakta kuwa, wanda bai ji bari ba ya ji hoho: waya uku ƙurmus, aikin wata bakwai ya bi ruwa, taron masana aka yi ba shi.